Guntun Gatarinki Ya Fi Sari Ki Ba Ni: Tarihin Taimakon Ƙasashen Waje Wajen Koyon Sana'a

Duk mai sauraren rediyo a 'yan shekarun nan ba za ta rasa jin sanarwar cewa wata ƙungiya daga ƙasar waje ta haɗa kai da gwamnati za a koya wa mata da matasa sana'o'in dogaro da kai ba. Yau a ce ɗinki, gobe a ce haɗa sabulu da man shafawa, jibi a ce kwamfuta. Wasu daga cikinmu sun je an yi da su. Akwai waɗanda suka samu keken ɗinki suka kafu, akwai kuma waɗanda ba su tsira da komai ba sai takardar shaida da hoton ranar yaye ɗalibai. Da yawa suna zaton wannan abu sabo ne. To ba sabo ba ne 'yar'uwa, ya haura shekara ɗari ana yinsa a ƙasar nan, kuma a cikin tarihinsa akwai inda aka ci riba, akwai inda aka zubar da dukiya a banza. Ya kamata mu san wannan tarihi, domin 'ya'yanmu ne ake cewa za a koya wa, kuma a kanmu ɗawainiya take faɗowa idan maigida ya rasa aiki, ko ya rasu, ko kuwa aure ya mutu.

Da farko dai kada wani ya ruɗe ki da cewa baƙi ne suka kawo mana sana'a. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth ya shigo Kano, ya kuma rubuta yadda ya tarar da saƙa da rini da dukanci sun bunƙasa, har ana kai tufafin Kano garuruwa masu nisa irin su Tambutu. Hanyar koyon kuwa a gida take. Ɗan maƙeri yana tashi a gindin zugazugi, ɗan marini a bakin karofi, yarinya kuma tana gefen uwarta ko gwaggonta tana koyon kaɗi da kitso da matsar mai da ƙuli-ƙuli. Kada ki manta, zaren da masaƙa suke tinƙaho da shi mata ne suke kaɗa shi da mazari a cikin ɗakunansu. Sai dai wannan hanya tana da nata rauni. Sana'a takan tsaya a cikin zuri'a ɗaya, ba kasafai ake buɗe wa bare sirrinta ba, kuma kayan aikin da kaka ya bari su jika yake gada ba tare da wani canji ba.

Da Turawan mulkin mallaka suka zo, a shekarar 1909 wani mutumin ƙasar Suwizalan da ke yi wa Ingila aiki, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Ban da karatu da rubutu, akwai sashen koyon sana'a a ciki, inda ake koyar da irin su kafinta da ƙira da aikin fata. Bayan wannan, tsakanin 1920 da 1921 wata gidauniya ta Amurka mai suna Phelps-Stokes ta turo ayari ya zagaya makarantun Afirka ta Yamma da wasu sassan nahiyar. Shugaban ayarin shi ne Thomas Jesse Jones, a cikinsu kuma akwai shahararren malamin nan na ƙasar da yanzu ake kira Gana, James Aggrey. Rahoton da suka fitar a 1922 ya ba da shawarar a karkata ga noma da aikin hannu da tsabtar gida, kamar yadda ake yi a wasu makarantun baƙar fata na kudancin Amurka.

A kunne shawarar tana da daɗi, amma 'yan Afirka da dama ba su yarda da ita ba. Suna ganin dabara ce ta a bar baƙar fata a matsayin lebura, Bature kuma ya riƙe alƙalami. Bugu da ƙari ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: kowa yana ganin akawun En'e da malamin makaranta suna sanye da farar riga suna karɓar albashi, kafinta kuwa yana fama da zarto. Daga nan aka fara raina makarantar sana'a, ana yi mata kallon wurin da ake kai yaron da kansa bai ja ba. Mata kuwa ba a ma tuna da su ba sai wajen 1930, lokacin da aka buɗe 'yan cibiyoyin 'yan mata a Kano da Katsina, mafi yawan abin da ake koyarwa kuma ɗinki ne da rainon yara da kula da gida. An yi tunanin yadda za ta zama matar gida, ba a yi tunanin yadda za ta riƙe kanta ba.

Amma a cikin wannan zamani ne aka yi wani abu da ya dace kowace mace ta san labarinsa. Ɗauko takardar naira 20 ki juya bayanta, za ki ga wata mata a duƙe tana ginin tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda aka haifa wajen 1925 a garin Kwali. A wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, da hannu kawai, tana zagaya tukunyar tana ɗora yumɓu, sannan ta yi mata zanen ƙadangare da kunama da kifi da kada da tsuntsaye. Aikinta ya yi kyau har Sarkin Abuja na wancan lokaci, Alhaji Sulaimanu Barau, ya riƙa tara randunanta a fadarsa. Abujar da nake nufi ita ce garin da yanzu ake kira Suleja.

A shekarar 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani gwanin ginin tangaran daga Ingila mai suna Michael Cardew domin ya inganta wannan sana'a. Mutumin nan bai fara da gina ofis ba. Sai da ya zagaya ƙasa yana duba irin yumɓun kowane yanki da yadda mata suke aiki da shi, a nan ne ya ga randunan Ladi a fadar sarki. Ya zaɓi Abuja saboda akwai yumɓu mai kyau da itace da ruwa, aka kafa cibiyar koyon ginin tukwane a farkon shekarun 1950. Maza aka fara ɗauka. Sai a 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko. A nan ta koyi aiki da faifan da ake juyawa da ƙafa, da yadda ake shafa wa tukunya abin da zai sa ta sheƙi kamar tangaran, da gashi a tanderu mai tsananin zafi. Shi kuma Cardew bai hana ta ginin hannu da zanenta na gado ba, sai aka haɗa biyun. Aka nuna kayanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta je Ingila da Jamus da Amurka tana gina randa a gaban jama'a suna kallo baki buɗe. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, alhali ba ta yi karatun boko ba. Ta rasu a Minna a 1984, Allah Ya jiƙanta. Ta kuma buɗe ƙofa, domin bayanta wasu matan sun shiga cibiyar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa.

Me ya sa wannan haɗin gwiwa ya yi albarka? Domin baƙon ya tarar da gwaninta a hannu ne ya ɗora a kai, ya yi aiki da ƙasar da ke wurin, ya kuma zauna kimanin shekara 15, bai bar ƙasar ba sai 1965. Duk da haka akwai abin lura. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsattsafo ta jikinta, iska na bugawa. Da aka shafe ta aka gasa ta da wuta mai ƙarfi, sai ta yi nauyi, ta daina tsattsafo, ta koma abin ado. Masu saye kuma suka zama Turawa da masu hannu da shuni, ba matan ƙauye ba. Wato sana'ar ta samu suna a duniya, amma kasuwarta ta yi nisa da gida, shi ya sa daga baya cibiyar ta yi shekaru tana tangal-tangal.

Da aka samu 'yancin kai a 1960, Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, wadda aka kafa tun 1919, da kuma UNESCO mai kula da ilimi da kimiyya da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙasa ta tashi tana buƙatar masu gyaran inji da masu aikin lantarki da magina, ga masana'antu suna buɗewa a Kakuri ta Kaduna da Bompai ta Kano. Makarantar fasaha ta Kaduna da aka fara a 1956 ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. A 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, a 1977 kuma aka kafa hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna. A wannan shekarar ta 1977, da yake kuɗin man fetur sun shigo, gwamnatin Janar Obasanjo ta fara wani shirin gaggawa na tura matasa ƙasashe irin su Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai domin su koyo aikin fasaha su dawo.

Sai kuma babban shirin da iyayenmu da yayyenmu ba za su manta da shi ba, wato tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, 4 a jami'a. Manufarsa kyakkyawa ce ƙwarai. An so duk yaron da ya gama ƙaramar sakandare, mace ko namiji, ya fita da wani abu a hannunsa, ko aikin katako, ko na ƙarfe, ko lantarki, ko zanen gini, ta yadda ko bai ci gaba ba zai iya neman abinci. Saboda haka gwamnati ta sayo injuna da kayan aiki masu ɗimbin yawa daga ƙasashen Gabashin Turai, irin su Balgeriya da Hangari da Cekosulobakiya, aka rarraba wa makarantu.

To a nan ne gizo ya yi saƙa. Injin yana buƙatar lantarki, makarantu da yawa kuma ko waya ba a ja musu ba. Yana buƙatar ɗakin da za a kafa shi, ba a gina ba. Yana buƙatar malamin da ya san kansa, malaman kuma ba su wadata ba. Idan wani ƙarfe ya lalace babu inda za a samo madadinsa a kusa. Haka akwatuna suka yi shekaru a jibge a harabar makarantu da ɗakunan ajiya, ruwa ya doke su, tsatsa ta ci, wasu ɓarayi suka kwashe. Yara suka riƙa haddace sunan zarto da guduma a kan allo domin cin jarrabawa, ba tare da sun taɓa riƙe su ba. Kin ga bambancin? A Suleja mutum aka fara nema sannan kayan aiki suka biyo. A nan kuwa kaya aka fara saukewa, aka bar batun mutum sai daga baya. Ba laifin waɗanda suka sayar ba ne kaɗai, laifin har da namu, domin an fafe gora ne ranar tafiya.

Ana cikin haka farashin mai ya faɗi, a 1986 aka shiga matsin tsarin nan na SAP, aikin gwamnati ya yi wuya, masana'antu suka fara rage ma'aikata. Gwamnatin Babangida ta kafa hukumar samar da aikin yi, NDE, wadda ta fara aiki a 1987, kuma ɗaya daga cikin shirye-shiryenta shi ne a kai matashi wurin mai sana'a na cikin gari, tela ko makanike ko kafinta, ya koya a hannunsa. Wato bayan an sha zagaye sai aka dawo kan hanyar kakanni. A shekarar dai Maryam Babangida ta fito da shirin kyautata rayuwar matan karkara, aka buɗe cibiyoyin mata a ƙananan hukumomi ana koyar da ɗinki da saƙa da rini. Wasu cibiyoyin sun amfani mata, da yawa kuma sun mutu da aka canza gwamnati, domin sun rataya ne a wuyan ofishin matar shugaba. Wani abin da ba kowa ya sani ba, a 1987 ɗin nan Nijeriya ma ta fara tura nata ƙwararrun, malamai da ma'aikatan jinya da injiniyoyi, zuwa wasu ƙasashen Afirka da tsibiran Karebiyan da na Fasifik, su yi shekara biyu suna taimakawa. Ashe ba kullum ne muke miƙa hannu ba, mu ma mun bayar.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai, ƙasashe da yawa sun ɗanɗana. Shi ya sa UNESCO ta kira babban taro kan ilimin sana'a a Balin a 1987, a 1989 ta fitar da yarjejeniya wadda a ciki aka ce kada a nuna bambanci tsakanin mace da namiji wajen samun wannan ilimi. A 1992 ta fara shirin UNEVOC domin haɗa makarantu da hukumomin koyon sana'a na ƙasashe su riƙa musayar dabaru, aka sake taro a Seoul ta Koriya ta Kudu a 1999, aka buɗe cibiyar shirin a birnin Bon na Jamus a 2002, sannan aka yi taro na uku a Shanghai ta ƙasar Sin a 2012. A farkon shekarun 2000 UNESCO ta yi aiki da NBTE wajen sabunta manhajojin kwalejojin fasaha da sake horar da malamai. A taƙaice hankali ya fara dawowa daga kan inji zuwa kan malami da abin da yake koyarwa.

Ƙasar da aka fi yawan buga misali da ita ita ce Jamus. A can matashi yakan ƙulla yarjejeniya da kamfani, ya yi kwana uku ko huɗu a mako yana aiki a wurin, kwana ɗaya ko biyu kuma yana makaranta, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ana kuma biyansa ɗan alawus. Sana'o'in da aka amince da su a wannan tsari sun haura 300, akwai kuma doka ta 1969 da ta tsara shi. Ƙasashe da dama sun so su kwaikwaya, amma kayan aro ba ya rufe katara. Tsarin yana tafiya ne saboda akwai kamfanoni masu rai da suke karɓar yaran, daga baya su ɗauke su aiki. Mu kuwa masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, wasu da yawa a Kaduna da Kano suka bi bayanta. Idan aka koya wa yaro aikin injin saƙa alhali masaƙa a kulle take, ina zai kai abin da ya koya?

Shirye-shiryen baya-bayan nan sun ɗan ɗauki darasi. A shekarun da suka biyo bayan 2015 gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna Mafita a jihohin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, wanda ya riƙa haɗa almajirai da 'yan mata da masu buƙata ta musamman da gwanayen sana'a na cikin gari. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin shirin IDEAS na inganta koyon sana'a, da kuma dala miliyan 500 domin shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Barno suna cikin jihohin da aka fara da su. Sai dai ki sani waɗannan kuɗi rance ne mai sauƙi, ba kyauta ba, 'ya'yanmu ne za su biya, don haka muna da haƙƙin tambayar inda suka shiga. Haka kuma NBTE ta fito da tsarin gwada mai sana'a a ba shi shaidar ƙwarewa gwargwadon abin da hannunsa ya iya, ko da a shago ya koya ba a aji ba.

To uwargida, ga abin da wannan tarihi yake nuna mana. Idan aka zo unguwarku da shirin koyon sana'a, kada hoton keke da alkawarin jari su rufe miki ido. Ki tambaya: wata nawa za a yi? Domin ɗinkin sati biyu ba ɗinki ba ne. Wace ce malamar, tana cin abinci da sana'ar ko a takarda ta san ta? Za a taɓa kayan aikin da hannu ko kallo za a yi? Idan keken ya lalace akwai mai gyara a kusa? Sannan babbar tambaya, wa zai saya? Idan mata hamsin a layi ɗaya duk aka koya musu sabulun ruwa, to wa zai sayi na wani? A nemi a haɗa da lissafi da rubutu, domin wadda ba ta iya raba uwar kuɗi da riba ba, jarinta a tukunyar miya zai ƙare.

Kuma mu daina taƙaita 'ya'yanmu mata a kan sana'o'i uku ko huɗu. Yarinyar da ta iya zare da allura za ta iya gyaran waya, za ta iya haɗa fitilar sola, za ta iya aikin awo a asibiti. Gidaje nawa ne matan ciki suke zama cikin duhu har maigida ya dawo, saboda ba a shigo da namiji baƙo gyaran wuta? Da akwai mace mai wannan aiki, ai da kasuwarta a buɗe take. Kada kuma a ce sai wadda ta kasa karatu za a kai koyon sana'a, wannan tsohon tunani ne da ya cuce mu tun zamanin En'e. Karatu da sana'a ba kishiyoyi ba ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, kuma babu ƙasar da ta ci gaba ba tare da ta koya a wurin wata ba. Amma mai taya ki ɗaukar jinka ba shi zai kwana a ɗakin ba. Baƙo yana da ranar tafiya, shiri yana da ranar ƙarewa, gwamnati tana da ranar sauka. Abin da ya zauna a tafin hannunki da na 'yarki shi ne naku, ba a sace shi, ba ya tsatsa, ba a kuma raba shi ranar da aka raba aure. Allah Ya sa mu dace, Ya ba 'ya'yanmu abin yi mai albarka, amin.